Zauren Ciniki: Yadda Ake Yanka wa Tsohon Fiyano Kuɗi

A wannan karo za mu ɗauko wata haja wadda yawancinmu ba mu tashi mun gan ta a gidajenmu ba, amma ga shi yanzu tana faɗowa hannunmu, watau tsohon fiyano na tsaye, irin wanda akan jingina da bango.

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da fiyano? To, akwai ruwansa. 'Yan'uwanmu masu harkar gwanjo a Ankara da Tema da Kumasi sukan buɗe kwantena su tarar da shi a tsakanin firji da kujeru da kekuna, ko kuwa wani baƙo mai komawa ƙasarsu ya haɗa musu da shi cikin kayan ɗaki. Makarantun kuɗi da ake buɗewa a unguwanninmu, daga Nima da Madina har Aboabo, wasunsu suna neman abin koya wa yara kiɗa. Maƙwabtanmu masu coci sukan nemi dillali ya samo musu. Ga kuma samarinmu masu karatun kiɗa a Winneba da Legon. A ƙasar da tambarin makarantar Achimota, wadda aka buɗe a 1927, hoton maɓallan fiyano ne baƙaƙe da farare, ba za a kira wannan kaya baƙo ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kuɗi. Rago da shinkafa da atamfa kowa ya san farashinsu, in ma bai sani ba zai tambayi rumfa ta gaba. Fiyano kuwa mai sayarwa yakan faɗi abin da ya zo bakinsa, mai saye ya taya abin da ya ga dama, su duka biyun a cikin duhu. Ta haka ne kwamitin iyayen yara zai tara kuɗi da ƙyar ya sayo akwatin da ba zai taɓa yin murya daidai ba, ko kuwa magada su sallamar da kaya mai daraja a kuɗin itacen wuta. Maganarmu a yau guda ɗaya ce: kuɗin tsohon fiyano shi ne kuɗin aikin da ya rage a jikinsa, bayan an cire abin da zai ci kafin ya fara wannan aikin.

Abin da ake saye

Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago fiyano a birnin Florence wajen shekarar 1700. Cikakken fiyano na zamani yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Kowane maɓalli in an danna shi yakan tura wata 'yar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya ta ƙarfe. Tsirkiyoyin sun haura 200, domin yawancin muryoyin uku-uku gare su, sai na ɓangaren hagu masu kauri, waɗanda aka naɗe da jan ƙarfe, su ne bibbiyu ko ɗai-ɗai. Kowace tsirkiya an ɗaure ta a jikin ƙusa, ƙusoshin kuma an kafa su a cikin wani katako mai tauri. In an haɗa ƙarfin jan da tsirkiyoyin nan suke yi, ya kai wajen tan 18, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Abin da ke riƙe da wannan ja shi ne wani firam na ƙarfen zubi. A bayansa kuma akwai faffaɗan allo na katako marar kauri, shi ne ke ƙara amo, kamar yadda ƙwarya da fata suke yi wa garaya.

Ke nan fiyano inji ne na katako da ulu da gam da ƙarfe, kuma yana tsufa kamar yadda mota take tsufa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mu riƙe, domin sau da yawa mai kaya yakan ce, "Ai wannan tun na zamanin Turawa ne," yana nufin a ƙara masa kuɗi. Alhali kuwa wannan magana dalilin ragi ce. Fiyano na tsaye da ya haura shekara 50 ba a yi masa babban gyara ba, galibi ya riga ya ci rabonsa. A Ingila da Amurka irin waɗannan tsofaffin akan ba da su kyauta, wani lokaci ma mai shi ne zai biya a zo a ɗauke masa. Wasunsu su ne ake cusawa a kwantena don cike gurbi, su iso Tema a goge su, su zama "na waje".

Suna da shekaru da tsawo

A kasuwar dabbobi haƙora ake buɗewa a san shekarun doki. A wajen fiyano kuwa fararen maɓallan nan su ne suka fi ruɗin mutum, domin sauya musu fuska da sabuwar roba ba shi da tsada, haka ma fenti da man sheƙi. Sai a ɗaga murfin sama a leƙa ciki. A jikin firam ɗin ƙarfe, ko kusa da ƙusoshi, akwai lambar ƙira. Manyan kamfanoni irin su Yamaha da Kawai suna da jerin da ke nuna shekarar da kowace lamba ta fito, kuma duk mai waya zai iya duba shi a intanet. Mai kayan da ya hana a ga lamba, ko aka tarar an kankare ta, to a yi masa sallama.

Suna ma yana da nasa matsayi. Yamaha, wanda ya fara ƙera fiyano a 1900, da Kawai da aka kafa a 1927, dukansu a birnin Hamamatsu na Japan, su ne suka fi riƙe daraja a kasuwar na hannu, domin kayan gyaransu suna samuwa kuma masu gyara sun san su. Akwai na Koriya irin su Samick da Young Chang, da Pearl River na Sin, da Petrof na ƙasar Cek, da na Jamus masu tsada irin su Bechstein da Blüthner. Amma a lura, sunan da ke kan murfin maɓallai kowa zai iya liƙa shi. A gwada shi da abin da aka rubuta a jikin ƙarfen ciki. Kama da wane ba ta wane.

Sa'an nan a auna tsawonsa daga ƙasa zuwa sama. Dogon fiyano yana da dogayen tsirkiyoyi da faffaɗan allo, saboda haka muryarsa ta fi cika. Alal misali Yamaha U1 santimita 121 ne, U3 kuma 131, su ne irin waɗanda makarantu suka fi nema. Gajeru ƙwarai, waɗanda ba su kai mita ɗaya ba, injinsu a nutse yake a ƙasan maɓallai, gyaransa da wuya, kuɗinsu kuma ƙasa yake. Har ila yau, in an leƙa aka ga wasu wayoyi sun sauko a gaban gudumomin kamar kejin tsuntsu, ko aka ga tsirkiyoyin duk a miƙe suke, masu kaurin ba su gitta ta kan sauran ba, to wannan tsohon yayi ne da aka daina ƙerawa tun da daɗewa. Haka ma mai maɓallai 85, sau da yawa alamar tsufa ce.

Aibi iri uku

Aibin fiyano ba ɗaya ba ne, kuma rarrabe shi shi ne rabin cinikin. Akwai aibin da ke kashe ciniki gaba ɗaya. Na farko tsagewar firam ɗin ƙarfe. Na biyu sakin ƙusoshi, watau katakon da ke riƙe da su ya bushe ko ya tsage, ta yadda ko an yi saiti yau, kafin mako ya zagayo murya ta zube. Alamarsa ita ce a danna maɓalli ɗaya a ji kamar muryoyi biyu ne masu gaba da juna, ko a ga tabon mai ko alamar alli a gindin ƙusoshi, shaidar cewa wani ya taɓa fama da su. Na uku gara da ƙwaro mai huda katako. A durƙusa a duba ƙasa da baya, in an ga garin katako ko 'yan ramuka, kada a shigar da shi gida ko da kyauta ne, domin zai ci ya kuma ciyar da sauran kayan ɗaki. Fiyano mai ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗinsa na gaskiya babu ne.

Akwai aibi mai gyaruwa amma da tsada. Gudumomin da tsirkiya ta yi musu zurfin zane ko asu ya cinye ulunsu, da tsirkiyoyin hagu da suka mutu suna ƙara kamar an bugi kwali, da tsatsa mai yawa, da tsagar allon baya wadda ke sa kaya yana zuza in an buga da ƙarfi. In an ga sababbin tsirkiyoyi masu ƙyalli jefi-jefi a cikin tsofaffi, alama ce sun fara tsinkewa, sauran ma suna hanya. Yawancin kayan wannan gyara daga waje ake odarsu, da kuɗin waje.

Sai kuma ƙaramin aibi: maɓalli biyu ko uku da ke maƙalewa saboda laima, feda mai ƙara, taya da ta karye, ƙujewar fenti. Wannan ba ya hana saye, dalilin neman ragi ne kawai. Abin mamaki shi ne mutanenmu sun fi tsayawa a kan wannan, su yi ta jayayya a kan ƙujewar murfi, alhali ba su leƙa ƙusoshi ba.

Gwajin da kowa zai iya yi, ko bai iya kiɗa ba, shi ne ya danna maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya tun daga hagu har dama, a hankali sa'an nan da ƙarfi. Kowanne ya yi murya, ya dawo da kansa, muryar kuma ta ɗauke in an sake shi, ban da 'yan na ƙarshen dama waɗanda dama ba a yi musu abin tsayar da murya ba. A taka feda ta dama a ji murya ta daɗe, a taka ta hagu a ji ta yi laushi. A sunkuya a shaƙa, domin warin ɓera da na ruma ba sa ɓuya. Daga nan a ƙirga maɓalli na 49 daga hagu, farare da baƙaƙe duka. Ma'aunin da duniya ke bi shi ne wannan murya ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa, kuma akwai manhajar waya ta kyauta mai auna wannan. In ya sauka da nisa, an daɗe ba a yi masa saiti ba, zai bukaci saiti biyu ko fiye, kuma wajen jan tsohuwar tsirkiya ana iya samun tsinkewa.

Duk da haka, wannan gwajin share fage ne. Kada a biya kuɗi sai an kawo mai saitin fiyano ya duba da maɓuɗinsa, domin shi kaɗai ne zai ji ƙarfin ƙusa a hannunsa. Kuma mai saye ne zai nemo shi ya biya shi, ba mai kaya ba. Ladan da za a ba shi shi ne kuɗi mafi albarka a duk cinikin. Ba a cinikin biri a sama, saboda haka hoton da aka turo ta WhatsApp ba gani ba ne.

Yanayin ƙasarmu

Katako yana kumbura da laima, yana ƙanƙancewa da bushewa. Fiyano ya fi son matsakaicin danshi, wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A bakin teku, irin su Ankara da Tema da Takoradi, laima ta wuce haka nesa, ga iskar gishiri mai kawo tsatsa, sai maɓallai su riƙa maƙalewa. A arewa kuwa, Tamale da Wa da Bawku, hunturu yakan busar da katako har ƙusoshi su saki, allo ya tsage. Fiyanon da ya yi shekaru a bakin teku aka ɗauke shi zuwa arewa, hunturun farko ne zai faɗi gaskiyarsa. Saboda haka wanda ya riga ya yi shekaru a garinku yana riƙe da saiti ya fi sabon sauka daga kwantena tabbas, ko da bai kai shi sheƙi ba. Kuma mutumin arewa ya fara tambayar kansa, wa zai zo ya yi mini saiti, nawa ne kuɗin motarsa? Domin fiyano yana bukatar saiti aƙalla sau ɗaya a shekara, sau biyu ya fi, bayan damina da bayan hunturu.

Lissafin kansa

Yanzu sai mu zo ga alƙalami. A fara da zuwa shagon masu sayar da kayan kiɗa, biyu ko uku, a tambayi kuɗin irin wannan fiyano, sunansa da tsawonsa da kimanin shekarunsa, wanda aka gyara, za a kai gida, a yi saiti, a ba da garanti. Wannan shi ne rufin ciniki, ba a wuce shi. Daga nan a riƙa cirewa.

Bari mu yi misali, lambobin na kwatance ne, kowa ya sa na kasuwarsa. A ce a shago sidi 20,000 ne. Wanda ake tallata maka a gida yake, ba garanti. Mota da 'yan dako, domin kaya ne mai nauyin kilo 200 ko fiye, a ce 1,500. Saiti biyu, 1,200. Gyaran da mai duba ya lissafa, 2,500. Sai a cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin shago, watau 2,000, saboda in wani abu ya ɓullo daga baya ba wanda za ka koma wa. Abin da ya rage sidi 12,800. Wannan shi ne iyakarka. Kana iya tayawa ƙasa da haka kaɗan don a sami wurin haɗuwa, amma in an wuce shi, shago ya fi maka sauƙi. In kuwa lissafin gyara ya cinye rabin kuɗin shago, a haƙura a nemi wani.

Akwai ma'auni na biyu. A tambayi kuɗin sabon fiyano na lantarki mai maɓallai 88 masu nauyi irin na gaske. Shi ba ya bukatar saiti, gara ba ta damu da shi ba, mutum biyu sun ɗauke shi, sai dai yana bukatar wuta, kuma mun san halin wuta. Ga makarantar da ke koya wa yara farkon kiɗa, tsohon fiyano mai shakku bai kamata ya fi wannan tsada ba.

Abubuwa uku ba sa shiga lissafi, ko da mai kaya ya nace. Na farko kuɗin da ya saya da, domin darajar sidi ta sauya, kuma tun 2007 aka cire sifiri huɗu, wanda ya ce ya saya miliyan 30 a tsohon kuɗi, sidi 3,000 yake nufi. Na biyu abin da ya kashe a jirgi da kwastan, wannan lissafinsa ne shi da wanda ya loda masa kaya. Na uku hauren giwa. Wasu tsofaffin maɓallai da shi aka lulluɓe su, ana gane su da wani siririn layi a tsakiya da launin rawaya-rawaya. Tun 1989 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, saboda haka bai ƙara wa kaya kuɗi ba, sai dai ya jawo tambaya a bakin iyaka.

Adalci ta fuska biyu

Kada a ɗauka wannan bayani makami ne na mai saye shi kaɗai. Sau da yawa mu ne masu sayarwa, ko masu tsayawa a tsakani. Dillalin da ya san ƙusoshi sun saki, ya sa aka yi saiti da safe don mai saye zai zo da yamma, ya ci amana, kuma zango ƙarami ne, labari ba ya kwana. Haka nan wanda ya shiga gidan marayu ya tarar da lafiyayyen Yamaha, ya ce musu tarkace ne, ya ba su kuɗin cefane ya ɗauka. Ribar gaskiya tana nan a fili: ka saya a kuɗin gida, ka gyara, ka sayar a kuɗin shago, ka faɗi aibi, ka karɓi la'adarka a sarari. Magada kuma da masu kaya, ku ma ku kira mai duba kafin ku sa kuɗi, ku nemi lambar ƙira, ku zagaya shaguna, don kada a taya muku ku ce albarka a inda ya kamata ku sallama, ko ku sallama a inda ya kamata ku ce albarka.

In an daidaita, a rubuta. Takardar ta ƙunshi suna da lambar ƙira da kuɗi da aibin da aka bayyana, da wanda zai ɗauki nauyin dako, da wanda asara za ta hau in ya faɗi a matakala, da shaidu biyu. Kafin alƙalami ya zama da sharaɗin cewa in mai duba ya sami babban aibi za a mayar. Wajen ɗauka a bar shi a tsaye, a ɗaure shi sosai, a sami ƙarti huɗu aƙalla. In ya isa, a jingina shi da bangon ciki, nesa da taga da rana da hayaƙin kicin, a bar shi ya huta mako biyu zuwa huɗu ya saba da iskar ɗakin kafin a kira mai saiti.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar nagarta ba ce. Wanda ya leƙa ciki, ya kira masani, ya yi lissafi da alƙalami, shi ne zai biya abin da ya dace, ya kuma kwana lafiya da wanda suka yi cinikin. Masu tambaya a kan wata haja su aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kiyashe mu da asara. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.